Sangena a Kan Murjanin Baba

Lokacin dashen albasa ne, kogi ya hwara ja da baya ya bar laka, amma shekarar nan ba wanda ya ji daɗinta. Gadar iyaka na ruhe. Kamyo, manyan motocin kaya, sun yi layi tun daga bakin duwan, wurin 'yan kwastan, har hanyar Gene, direbobi sun gaji da jira har suna shanya wanki a jikin motocinsu. Kasuwar Malanbil, wadda da ba ka samun wurin aza ƙahwa, ta koma kana jin kukan akuya daga wannan baki zuwa wancan. Mai gidana ɗan dako ne, ranar da ba lodi ba a aza tukunya. Shi ya sa da anka ce mini akwai aikin jinyar wata tsohuwa a Kuwet, na kai ɗiyana ukku Garu wurin Inna, na tahi.

Da munka sauka, tun kahin mu hita hilin jirgi wani mutum ya amshe paspo ɗinmu. Ya kai mu wani bene da ake ce ma maktab, wato ohishin masu kawo 'yan aiki. Tsohuwar da anka ce zan yi jinya ban taɓa ganin ta ba, ban kuma ƙara jin zancenta ba. Ɗaki guda anka zuba mu, mata sun kai ashirin, taga ɗaya, ƙohwa a kulle ta waje. Ana kawo burodi da shayi sau biyu. In mai neman 'yar aiki ya zo, sai a jera mu, ya duba hannuwanmu da haƙoranmu.

A nan na gamu da Yaya Salamatu, wata dattijuwa mutuniyar Jugu. Ta ji ina ƙunƙuni da Dandanci ina neman takalmina, sai ta jawo ni kusa da ita ta raba mini bargonta. Ita ta koya mini kalmomin Larabci na hwarko. Ita ta kuma gaya mini yadda wurin yake.

Ta ce, "Ƙanwata, ki ji da kyau. In sun maido ki sau ɗaya, sai su ce ƙila gidan ne. In sun maido ki sau biyu, to ke ce. Daga nan gidan da kowa ya ƙi, can za a kai ki, ko rugar raƙuma cikin hamada inda ba mai jin muryarki. Ni sau ukku ke nan. Dubi hannuna."

Na duba. Ban so na duba ba.

Gidan hwarko wata biyu na yi. Mutum tara ne, ni kaɗai ke aiki, a ƙasan kicin nake kwana. Zazzaɓi ya kama ni, kwana ukku ban iya tsayuwa ba, sunka sa ni mota sunka maida maktab. Sau ɗaya ke nan. Lokacin da na koma, Yaya Salamatu ba ta nan, ba wanda ya san inda anka kai ta.

Gida na biyu mutum biyu ne kawai, mata da miji, ɗiyansu sun girma sun watse. A can 'yan aiki Baba suke ce ma mai gida, uwar gida kuwa Madam. Su kuma sun kasa Ramatu, sai sunka maida ni Rahma. Sun ba ni ɗaki nawa, ƙarami, da ƙohwar da nake ruhewa da kaina. Madam ba ta duka. Abinta guda, takan bi bayana ta shahwa yatsa bisa tebur ko kan taga, ta ɗaga yatsan ta duba. Wayata na wurinta, ranar Juma'a take ba ni in kira gida. Na ce ma raina, nan zan zamna har kwangilata ta cika, ko me za a yi.

A salonsu, wato hwalo, akwai wani akwatin gilashi, tsawonsa ya hi gadon mutum, cike da ruwan gishiri, da hitila mai shuɗin haske a rataye bisa kansa. Ranar hwarko na tsaya ina kallon kihin ciki. Ni da na girma bakin kogi, duka duka ba su isa miyar mutum biyu ba. Baba ya iske ni, ya yi dariya, ya girgiza yatsa. Ya nuna mini ba kihin ne abin kallo ba, duwatsun ne. Ya ce murjani ne, kuma suna da rai. Ni murjanin da na sani shi ne jan nan da ke wuyan tsohin mata. Na matsa kusa. Ashe kuwa motsi suke. Wani kamar ɗanyar ciyawa mai kore yana kaɗawa cikin ruwa, wani kamar naman kaza, wani kamar kwakwalwar rago. Can sama, dab da hitila, akwai wani shuɗi mai rassa kamar ƙahon barewa. Baba ya nuna mini ɗan yatsansa, ya ce haka yake lokacin da ya samo shi, shekara shida da sunka wuce. In ya dawo aiki, wurin shuɗin nan yake hwara zuwa kahin ya gaida matarsa.

Da na ba Inna labari a waya, sai ta ce, "To ke Ramatu, mu nan mu ke cin kihi, ku can kihi ke cin guminku? Har da duwatsu? Ki gaida mini su, ki ce in sun ƙoshi su tuna da jikokina."

Na yi dariya har na ji hawaye. Bayan na maida wayar na daɗe a bayan gida kusa da injin wanki.

Mai kula da akwatin wani dattijo ne ɗan Bangaladash, Malam Anwar, ma'aikacin wani kampanin kihi. Duk Talata yake zuwa da bokitai da 'yan kwalabe. Aiki a rabe yake, cikin akwatin nasa ne, wajensa nawa ne, in goge gilashi ya yi ƙal, in zuba ma kihi abinci da ɗan cokali. Larabcinsa gurgu, nawa ya hi nasa gurgunta, amma muna jin juna. Hajiya Benin yake ce mini, ko da na gaya mishi ban je Makka ba. Wata rana na ce mishi abin da na hi kewa shi ne ƙamshin bandar kihi. Talatar da ta biyo ya miƙo mini wani ƙunshi cikin jarida, busasshen kihin ƙasarsu ne. Ya ce in ci nesa da Madam, in ba haka ba mu duka biyu za a kora. A tsaye na cinye shi can kusa da injin wanki. Ba irin namu ba ne, amma ya yi kusa.

Na yi wata bakwai a gidan lokacin da Baba zai yi tahiyar sati biyu. Ya bar ma Malam Anwar saƙo a canza hitilun akwatin kahin ya dawo, don sun shekara suna ci, haskensu ya raunana. Talatar nan Malam ya cire dogayen ampul shida, wato ƙwan hitilar, ya sa sababbi. Ya kira ni ya nuna mini ɗan agogon da ke kunna su da kashe su. Ya ce ya rage awowin, don murjani ya saba da tsohon haske, sabon nan kuwa mai ƙarhi ne, sai a hankali. Ya ce, "Hajiya, kada ki taɓa agogon nan, ko Madam ta ce." Na ce to. Ban kuwa taɓa shi ba.

Ranar Alhamis Madam na da baƙi, ta ce komi ya yi ƙyalli. Na taka kujera in goge bayan hitilar, sai na hangi abin da ban taɓa gani daga ƙasa ba. Akwai gilashi biyu a kwance bisa bakin akwatin, waɗanda ke hana kihi tsalle. Ruwan gishiri ya yi ta hwantsama yana bushewa a kansu, har ya yi ɓawo hwari mai kauri kamar kanwa. Kunya ta kama ni. Wata bakwai ina gidan, ga wannan datti bisa kaina, in yatsan Madam ya kai nan hwa? Na ce ai wannan waje ne, aikina ne. Na sauke su ɗaya ɗaya, na kai bayan gida, na jiƙa da binegar, na kankare, na ɗauraye, na goge har ba ka sanin akwai gilashi a wurin. Da na maida su, haske ya zubo cikin ruwan har yashin ƙasa na walƙiya. Baƙi sun yi ta ɗaukar hoto. Madam ta dube ni ta ce, "Ya yi kyau, Rahma." Tunda na zo gidan ba ta taɓa hwaɗin haka ba. Ranar nan da murna na yi sauran aikina.

Ni ke goge gilashin nan kullum da sahe, don haka na san murjanin nan ɗaya ɗaya, yadda mutum ke sanin awakin maƙwabta. Ranar Asabar na ga mai koren nan bai buɗe ba, ya ƙanƙance ya manne jikin dutse. Na ce ƙila yau ne kawai. Ranar Lahadi waɗanda ke sama duk sun koɗe, kamar zanen da ya sha wanki. Shuɗin Baba kuwa, kan rassansa ya yi hwari hwat. Na ƙasa, waɗanda ke cikin inuwar duwatsu, lahiyarsu lau.

Na je na gaya ma Madam. Tana kallon waya ta ce, "Ba ruwana da duwatsun Baba. Anwar na zuwa Talata." Na roƙe ta wayata in kira shi. Ta ce yau ba Juma'a ba ce.

Na koma na tsaya gaban akwatin da tsumma a hannu. Na sama sun ƙone, na inuwa ba abin da ya same su. Na taɓa ganin haka. A Garu in an zuba irin albasa, ana ruhe hwangalin da ciyawa, in ya tsiro kuma ba a kwashe ciyawar rana guda. Yau a rage kaɗan, a bari kwana biyu, a ƙara ragewa, har tsiron ya iya tsayuwa da rana. Ina yarinya na taɓa kwashe ta duka da hantsi guda don in burge Inna, kahin azahar irin ya kwanta kamar an zuba mishi ruwan zahi. Da na tuna wannan sai na gane ɓawon gishirin nan da na kankare shi ne ciyawarsu.

Gishiri ba ya maiduwa. Amma ina da sange, ragar sauron da na zo da shi daga gida, yana ƙasan jakata, tunda ɗakunansu a ruhe suke ba sauro. Inna ta saya mini shi a kasuwar Malanbil ana gobe zan tahi. Na ɗauko almakashin kicin na yanka shi gida huɗu, na shimhiɗa su bisa gilashin, ɗaya kan ɗaya. Hasken ya yi laushi, ruwan ya koma kamar yamma ta yi.

Madam ta shigo ta tsaya. "Wannan tsumman hwa, a salona?"

"Inuwa ce, Madam."

"Kihi na jin rana cikin ɗaki?"

"Ba kihin ba, murjanin."

Ta taɓe baki. "In Baba ya dawo, ke da shi."

Ranar Talata Malam Anwar ya ajiye bokitinsa bai ko gaida ni ba. Ya leƙa ta gaba, ya leƙa ta gehe. Ya taka kujera, ya ɗaga bakin sangen, ya shahwa yatsa bisa gilashin. Ya daɗe a sama kahin ya sauko.

"Wa ya wanke?"

"Ni ce, Malam."

Ya kihe bokiti ya zamna a kai. Ya ce da gangan ya yi sati huɗu bai wanke gilashin nan ba, yana tara gishirin don ranar canza ampul, niyyarsa ya riƙa gogewa kaɗan kaɗan duk Talata. Ya ce, "Na gaya miki agogo, na manta ban gaya miki gilashi ba. Duk gidajen da nake zuwa ba mai hawa sama ya goge. Sai ke." Ya ɗaga kai ya dubi sangen. "Wannan kuma wa ya koya miki?"

"Albasa."

Bai gane ba sai da na kwatanta mishi da hannu. Ya yi 'yar dariya marar daɗi. "Kampaninmu saida irin wannan raga yake yi cikin kwali mai hoto, ke kin samo ta wurin albasa." Ya ce in bar su haka, duk kwana biyar in cire guda ɗaya. Ya riƙa nuna mini da yatsa. Wanda ya koɗe amma namansa na nan, yana iya dawowa. Mai koren zai tashi. Da ya zo kan shuɗin sai ya sauke yatsan. Hwatarsa ta saluɓe tana lilo cikin ruwa, abin da ya rage ƙashi ne.

Ya rage murya. "Hajiya, ki yi shiru. Zan ce ampul ɗin sun hi ƙarhin da anka rubuta a kwalinsu. Baba zai yi hwaɗa, ya gama. Ke in kin yi magana, kin san inda za a kai ki."

Na san inda za a kai ni. Na ce to. Ba zan ɓoye ba, na ji sanyi a raina da ya hwaɗi haka, kuma na yi shirun. Ranar Juma'a na cire sange na hwarko. Da na kira gida, autana ya amshi wayar yana gaya mini haƙorinsa ya hita, Inna na tambaya ko duwatsu sun ƙoshi. Na ce mata lahiya lau suke. Kwana biyu bayan haka mai koren ya ɗan buɗe, kamar mai leƙowa ta ƙohwa.

Baba ya dawo ranar Talata da azahar. Ko takalmi bai cire ba ya wuce salo. Ni ina kicin ina jira. Malam Anwar ya iso bayan la'asar kamar yadda ya saba, Madam ta ce in kai shayi. Na shiga da tire na iske Malam a tsaye, hularsa a hannu, yana bayanin ampul. Baba bai ɗaga murya ba. Ya ciro waya ya kira kampanin. A wata bakwai na tsinci Larabcin da ya ishe ni in gane. Ya ce mutuminsu ya kashe mishi abin shekara shida, kada ya ƙara taka gidansa, kuma zai gaya ma duk abokansa da ke hulɗa da su. Daga nan na ji ya ambaci takardar zaman Malam. Na dubi Malam Anwar. Yana kallon ƙasa, yana murza hular nan. Ya taɓa nuna mini hoton ɗiyansa mata huɗu, sun jeru da kayan lakkwal, wato makaranta.

Na ajiye tiren.

"Baba, ni na wanke gilashin."

Malam ya ce, "Rahma, koma kicin."

"Akwai gishiri a sama, shi ke tare haske. Malam ya bar shi da gangan. Ni na kankare."

Baba ya sauke wayar daga kunnensa. "Wa ya sa ki?"

"Ba kowa. Na ga ya yi datti."

Madam ta ce, "Ni dai ban ce ta hau can ba."

Baba ya nuna saman akwatin. "Wannan ragar hwa?"

"Tawa ce. Ta sauro ce."

Malam Anwar ya sa baki da sauri, ya ce ba don ragar nan ba da duk na sama sun tahi, ba shuɗin kaɗai ba. Ya ce abin da ya kamata a yi ke nan, kuma ba wanda ya koya mata. Baba ya ce ma na cikin waya zai sake kira, ya kashe. Ya juya ya dubi ƙashin nan hwari na tsawon lokaci. Sannan ya ce ma Malam ya zo Talata mai zuwa kamar kullum. Ni bai dube ni ba. Matarsa ya ce ma, "Ki kira maktab, su zo gobe."

Malam ya hwara roƙo. Baba ya ɗaga hannu. "Na sani ba mugunta ba ce. Amma ba zan iya shigowa ɗakin nan kullum in gan ta tana goge gilashin nan ba."

Da zagi ya yi, da na hi samun abin riƙewa.

Malam Anwar ya biyo ta ƙohwar baya da bokitansa, ya iske ni ina kwashe shanya.

"Me ya kai ki, Hajiya? Ni namiji ne, ko wankin mota na yi."

"Da wace takarda, Malam? Ɗiyanka huɗu."

"Ke ma ukku gare ki."

"To ka hi ni da ɗaya."

Ya laluba aljihu bai samu komi ba sai alkalami, ya rubuta lambarsa a bayan wata takardar kampani ya ba ni. Ya ce in sun ba ni waya a inda za a kai ni, in kira, ko ba don komi ba ya san ina raye. Na ce in Allah ya so. Ya ɗauki bokitansa ya hita, yana tahiya kamar sun cika da ruwa, alhali ba komi cikinsu.

Madam ta kawo mini wayata da kanta, ta ce ina iya kiran gida ko da ba Juma'a ba ce. Na riƙe ta a hannu, na rasa abin da zan ce ma Inna, na sa ta cikin jaka.

Washegari bayan sallar asuba na ƙulle kayana. Ranar Laraba ce, kwana biyar sun cika. Na jira agogon ya kunna hitila, na taka kujera na cire sange na biyu, na bar biyu a kai. Na zuba ma kihi cokalinsu. Da ɗan karatun manya da na yi, na rubuta ranakun cire sauran biyun a takarda, da lambobi manya yadda kowa zai gane, na danne da gwangwanin abincin kihi. Na goge gilashin gaba, daga sama har ƙasa. Sannan na ɗauki jakata, na zamna bakin ƙohwar kicin ina jiran motar maktab.